Madigadin ƙari na babur mai ƙafa huɗu: ya tare laka, ya tafi da nawa na asali

Sati uku na yi ina yabon kayan nan, har na sa abokaina biyu suka yi oda. Yanzu kunyar haɗa ido da su nake ji.

Babur ɗina Raptor 700 ne, kuma duk mai hawan irinsa ya san halinsa in an yi ruwa. Don gudu da tsalle aka ƙera shi, shi ya sa madigadinsa siriri ne, tayoyin duk sun leƙo waje. Na gaba su watso maka laka a ƙirji da tabarau, na baya su zana maka layi tun daga ƙugu har hular kwano. Minti goma a cikin caɓi sun isa ka daina ganin gabanka. Da na gaji da tsayawa goge tabarau sai na sayi saitin nan mai guda huɗu, baƙar roba mai kauri da ake ɗaurawa a bakin madigadi don ya ƙara faɗi, na baya kuma kowanne da harshe mai saukowa bayan taya.

Ɗaurawar ba ta ba ni wahala ba, in ban da zuciyata da ta riƙa bugawa lokacin da na kafa injin huda a jikin robar babur ɗina. Huda biyar a kowane gefe. Ranar farko da na fita da su na shiga wani kwari da na saba fitowa daga cikinsa kamar an tono ni daga rami, na fito rigata daga kafaɗa zuwa sama fes. Takalma da gwiwa dai sun sha nasu, wannan ba makawa. Amma tabarau sau ɗaya na goge a yinin nan gaba ɗaya. Wallahi na ji daɗi, na ce kuɗina sun halatta.

Sai ranar Asabar ɗin da ta wuce. Akwai wani ɗan tudu da muke tsallakewa, ba wani babban tsalle ba ne, na yi shi ya fi sau ɗari. Na taso a giya ta uku, ina dira na ji ƙarar "ɓarat!" a bayana, babur ya fizge zuwa dama kamar an taka birki ɓangare ɗaya. Da ƙyar na riƙe shi. Da na sauka na duba, harshen robar na dama ya naɗe a kan taya, haƙoran tayar sun cafke shi sun ja ƙasa. Abin takaicin, shi bai yage ba. Ƙarfinsa ya fi na abin da aka ɗaura shi a kai, don haka madigadina na asali ne ya tsage, tun daga hudar farko har ta huɗu, kamar an bi layin da almakashi. Wani ɓallin ma ban same shi ba, yana can cikin taɓo.

Na zauna a gefen hanya ina kallon abin, na gane yadda aka yi. Tayoyin baya na irin wannan babur a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, in ka dira tare suke hawa sama, kuma tafiyar da shokazoba ke bari tayoyin baya su yi sama da ƙasa ta kai kusan santimita 25. In babur na tsaye za ka ga fili mai yawa tsakanin taya da roba, har ka zura hannu ka juya. A dirar tsalle wannan filin duk ya ƙare. Ƙara da lakar da ta daskare a cikin harshen ta yi masa nauyi ya lanƙwaso ciki, shi ke nan, taya ta same shi.

Gaskiya ɗaya ce, ni ma da nawa laifin. Tayoyin baya na asali masu inci 20 ne, ni kuwa na canza zuwa masu inci 22 don cikin babur ya daina gugar ƙasa. Wannan kaɗai ya cinye kusan santimita biyu da rabi na filin da ke sama da taya. Da na tuna haka sai fushina ya ɗan sauka, na ce to, ganganci na ne.

Amma da na dawo na sake karanta takardar da ta zo cikin kwalin, raina ya ƙara ɓaci. Babu inda aka ambaci girman taya, ko kalma ɗaya. An dai rubuta sunan babur an ce ya dace. Su waye masu sayen kariyar laka in ba masu shiga laka ba? Su waye kuma masu sa manyan tayoyi in ba su ɗin ba? Sannan kusoshin da suka sako, noti ne na ƙarfe da 'yan ƙananan washa da ba su kai faɗin farcen babban yatsa ba. Da ƙusar roba mai ɓallewa suka sa, da ita za ta tsinke, harshen ya faɗi, in ɗauka in mayar. Da faffaɗar washa ce, da ƙarfin jan ya rarrabu. Sai suka zaɓi abin da zai tara duk ƙarfin a kan 'yan hudoji biyar a jikin robar da ta fi saitin nasu tsada nesa ba kusa ba.

Na tura wa mai sayarwa hotuna. Amsar da na samu ita ce kayan ba na tsalle ba ne. Babur ɗin wasan tsalle, kayan da aka ce an yi dominsa, amma ba na tsalle ba! Na tambaye shi ina aka rubuta haka, yau kwana huɗu shiru.

Wani abu kuma da ban kula ba sai da nake wanki: robar gefen salansa ta fara yin laushi, bakinta ya murɗe saboda zafi. Ko ba a yi tsallen nan ba, da wuya ta kai wata shida.

Na gaba dai suna nan ban cire ba, kuma ba zan cire ba. Na murɗa kan babur har ƙarshe hagu da dama, na sa mutum biyu sun danne gaban, ba inda suka taɓa taya, kuma su ne ke tare mini fuska. Su kaɗai zan ba tauraro huɗu. Na baya suna cikin kwali. Na kira abokaina na ce kada wanda ya huda komai sai ya sa an danne bayan babur har ƙasa ya auna filin da ya rage. Ɗaya ya ce ai ya riga ya ɗaura tun jiya.