Baƙin man da na zubar a Jamus

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata uku a Jamus, ban taɓa jin kunya irin ta ranar da maƙwabcina ya kira ni bayan gida ba. Dattijo ne, aikin gandun daji ya yi har ya yi ritaya. Ya nuna ƙasa da sandarsa, ya ce, "Wa ya zuba wannan?" Ni ne. Tun da kaka na yi wa motata juye, na tuttular da tsohon baƙin man a gindin shinge, yadda na tashi na ga ana yi. Ashe a jikin shingen ya binne ƙwallaye guda shida na wani babban itace da ake kira oak.

Itacen nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Reshensa ne a bayan kwabbansu na santi 1, 2 da 5, tsohon kuɗinsu na fenik 50 ma mace ce a jiki, durƙushe tana dasa shi. Yakan yi ɗaruruwan shekaru a tsaye.

Na ce masa, to ai ga su nan duk sun tsiro. Ya girgiza kai. Ya ce tsiron farko guzurin da ke cikin ƙwallon yake ci, shi ya sa ɓarnar ba ta nunawa da wuri. Ya sa shebur ya tono biyu. Na nesa da man, saiwarsa ta nutsa har ta fi karan tsawo, ga ƙananan jijiyoyi farare tas. Na kusa kuwa saiwar guntuwa, ta yi baƙi, jijiyoyin sun ruɓe, ganyen ya soma rawaya. Sai ya ɗebo ruwa ya zuba a wurin. Wallahi ina kallo ruwan ya dunƙule ya gangare, ƙasa ta ƙi sha. Mai ya lulluɓe ta, ya toshe kafofin iska, saiwa ba numfashi ba ruwa. Ƙananan ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa da ke cin man kuma su wawushe sinadarin naitirojin da shuka ke buƙata, su bar tsiro da yunwa. Ga gubar ƙarafan da man ya kwaso daga inji, ita ba ta ruɓewa.

Abin da ya fi ci mini rai, babu dalilin zubarwar. Tun 1987 dokarsu ta wajabta wa mai sayar da man inji ya karɓi tsohon kyauta, gwargwadon wanda ya sayar maka. Jarka kawai za ka kai, ka nuna rasit. Shekara uku ina wuce wurin karɓar ban taɓa tambaya ba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, hankalina ya tafi gida. Na tuna garejin da ƙasarsa ta zama kamar kwalta, ko ciyawa ba ta fitowa, ga rijiya a kusa. Mukan dasa itace, ya bushe, mu ce wurin ne ba ya karɓar shuka. Haba jama'a! Mu ne fa muka kashe wurin. Kewar gida na damuna kullum, amma wannan halin namu yana ƙona mini zuciya.

Ni na biya kamfanin da ya zo ya kwashe gurɓatacciyar ƙasar, suka tafi da ita a rufe. Uku daga cikin shidan suka rayu. Bana dattijon ya miƙo mini ƙwallaye a tafin hannu, muka binne su tare.