Sharhi: mai fentin da ya gyara mini ɗan jirgin ƙasa a Yamai

A kasuwar Katako na tsinci ɗan kan jirgin nan, cikin kwali ɗaya da matattun agoguna. Tsawonsa bai kai ƙafa guda ba, wani kuma ya lafta masa jan fenti irin na ƙofa. Da na kankare gefen ɗakin direba da farce sai ga lamba: 4472. Ashe kwaikwayon Flying Scotsman ne, jirgin tururin da aka ƙera a Doncaster ta Ingila a 1923, wanda a 1934 ya yi gudun kilomita 160 cikin awa guda.

Hannuna rawa yake, saboda haka na kai wa wani dattijo mai rubuta allunan shaguna da lambobin mota. Ya juya shi, ya leƙa ƙasansa, ya ce, "Malam, abin wasan yara ka kawo mini?" Muka daidaita a jaka goma sha biyar ta kuɗin CFA.

Inda muka fara kai ruwa rana shi ne kore. Shi a wurinsa kore kore ne, har ya buɗe gwangwanin wanda yake zana tuta da shi. Ni kuwa a nan maganar take. Lamba 4472 ta zamanin kamfanin jiragen ƙasa na LNER ce, kuma rigarta kore mai haske ce kamar ɗanyen tuffa. Kore mai duhu sai bayan da gwamnatin Birtaniya ta karɓi jiragen a 1948, lokacin lambarsa ta koma 60103. In ka haɗa lambar can da launin nan, ka ɗora wa Bahaushe rawanin Buzu ke nan. Sau huɗu yana haɗi a marfin kwalba, yana ɗigawa a bayan cokalin roba, muna fita rana muna gwadawa da hoton da ke wayata. Ko sau ɗaya bai yi tsaki ba.

Amma siraran layuka su suka sa na sallama masa. Kowane ɗauri na tukunyar tururin, baƙin layi ne da fari a gefe da gefe, kaurinsa bai fi zare ba. Ya yanke buroshinsa har saura gashi ƙalilan, ya dogara ɗan yatsa a kan tebur, ya riƙe numfashi, ya ja. Haruffan taragon kwal ruwan zinare da jar inuwa, gaban tukunya da bututun hayaƙi baƙi, katakon gaba ja. Ya so ya ƙara "Allah ya kiyaye" a baya irin na manyan motoci, na ce, "Baba, a bar wannan."

Kurakurai biyu ne. Ruwan da ya wanke tsohon fenti da shi na ƙarfe ne, ya cinye roba har ƙananan kawunan ƙusoshin da ke rufin ɗakin direba suka shafe, ba kuwa mai dawo da su. Sannan ya shanya shafar ƙarshe a buɗe cikin hunturu, ƙura ta manne a gefen hagu. Kwana biyar da ya ce kuma sun zama sati uku.

Zan koma masa, amma wanki ni zan yi da kaina, in kuma tafi masa da roba mai marfi ta shanya. Jirgin yana kan kanta yanzu, gefen dama na kallon baƙi.