Kuɗin Talla Kaɗan Ne: Ina Mai Sayar da Kaya ta Intanet Zai Zuba Su?

Mai saro atamfa, leshi da shadda a Kantin Kwari yana sayarwa ta waya, ko mai haɗa turaren wuta da humra a cikin gida, idan ya tara 'yan kuɗi don talla, hanyoyin da ke gabansa sanannu ne. Ko ya tsaya a WhatsApp, ko ya biya Facebook da Instagram, ko ya shiga TikTok, ko ya ba wani mai tarin mabiya ya ambaci kayansa, ko ya jera su a kasuwannin intanet irin su Jiji da Jumia, ko ya sa a gina masa shafi na kansa. Kowace hanya tana da masu zuga ta, kuma galibi mai zugar shi ne zai ci kuɗin idan ka bi ta.

Kafin ka saurari kowa, yi lissafi ɗaya. A ce ribarka a kan turmin atamfa naira 3,000 ce, ka kashe 20,000 a talla, mutum 40 suka yi maka magana, 5 suka saya. Kowane mai saye ya ci maka 4,000 ke nan, ka faɗi da dubu ɗaya a kan kowannensu, sai fa idan za su dawo ko su kawo wasu. Da wannan ma'aunin za ka auna duk abin da ke tafe. Yawan masu kallo da masu cewa "Masha Allah, ya yi kyau" ba ya shiga lissafi.

A wurinmu, duk inda talla ta fara, a WhatsApp ciniki yake ƙarewa. Nan ake tambayar kuɗi, nan ake neman ragi, nan ake cewa "ɗan ɗauko min shi a rana in ga kalar sosai". Don haka shi ne na farko da za a gyara, kuma ba ya cin ko kwabo. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana ba ka damar jera kaya da hoto da farashi, ka saita saƙon maraba da amsoshin da ka saba maimaitawa, ka kuma yi wa mutane alama: wanda ya biya, wanda ke jiran kaya, wanda ya tambaya ya yi shiru. Iyakar WhatsApp ita ce ba ya kawo baƙo. Sitatus ɗinka sai wanda kuka ajiye lambar juna zai gani, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Jerin aika saƙo ga jama'a mutum 256 yake ɗauka, shi ma sai wanda ya ajiye lambarka zai samu. Shi ya sa za ka ga mace mai kaya masu kyau ta shekara tana ɗorawa kullum, amma masu kallon su ne dai dangi da ƙawayen makaranta. Zuba mutane cikin guruf ba da izininsu ba kuwa ba mafita ba ce. Fita suke yi, wasu su kai ƙara, lambar ta shiga haɗarin rufewa.

Baƙi kuwa, hanya mafi sauƙin aunawa ta kawo su ita ce tallan kuɗi na Facebook da Instagram, waɗanda duk na kamfanin Meta ne, mai WhatsApp ɗin. A nan nake ba da shawarar a fara kashe kuɗi, amma da sharaɗi: a zaɓi irin tallan da idan mutum ya danna zai faɗo kai tsaye cikin WhatsApp ɗinka. Ta haka kana ganin mutum nawa suka zo da nawa ka biya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a danna maɓallin Boost, wato na biyan kuɗi don a yaɗa abin da ka ɗora, a bar wa Facebook zaɓi, sai ya tara maka masu yaba hoto daga ko'ina a Najeriya. Zaɓi gari da kanka. Idan kana Kano kuma direbobin da ka amince da su Kaduna, Abuja da Katsina suke zuwa, tsaya a nan. Zaɓi shekaru, zaɓi mata ko maza. Rubuta tallan da Hausa idan Hausawa kake nema, ka kuma sa farashi a fili. Na san masu cewa ɓoye farashi na jawo tambaya. Gaskiya ne, amma tambayar da za ta cinye maka yini ce, daga mutanen da da sun ga kuɗin ba za su zo ba.

Akwai 'yan kuɗaɗen da ba a faɗa maka. Tun Janairun 2022 Meta na ƙara harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallan 'yan Najeriya. Mai iPhone kuma, idan ya biya Boost daga cikin manhaja, Apple na ɗora kashi 30; a buɗe shafin ta burauza a biya daga can, an tsira daga wannan. A saita asusun talla da naira tun farko. Kada kuma a zuba kuɗin duka rana ɗaya: a raba shi kashi biyu, hoto biyu ko bidiyo biyu, a bar su su yi kwanaki, wanda ya fi kawo masu saye a ƙara masa, ɗayan a kashe shi. Mai son ganin yadda abokan sana'arsa ke tallata nasu, akwai Ad Library na Meta, kyauta ne, yana nuna tallan da kowane shafi ke gudanarwa. Masu sayar da kayan mata da magungunan gargajiya su sani cewa Meta na yawan ƙin irin wannan talla, kuma naci na iya jawo rufe asusu. Ga kuma batun rajista da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wanda ba na wasa ba ne.

TikTok ya bambanta da sauran ta fuska ɗaya mai muhimmanci: yana nuna bidiyonka ga waɗanda ba sa bin ka, ko da jiya ka buɗe. Kuɗinsa data ne da lokaci. Ya dace da kayan da ido ke saye, kamar warware leshi a gaban kyamara har a ga ƙyallinsa, ko hayaƙin turare na tashi daga kasko, ko yadda ake ɗaure kaya za a kai tasha. Ba dole sai an nuna fuska ba, hannu da murya sun isa, kuma wannan ya sauƙaƙa wa matan aure da yawa. Sai dai ba ka da iko kan wanda zai gani. Bidiyo na iya tashi a wurin yara masu kallo kawai, ko a ƙasar da ba ka iya kai kaya. A sa lambar WhatsApp a inda za a gani, a ɗauke shi a matsayin aikin haƙuri.

Sai masu tarin mabiya, taurarin Kannywood da 'yan barkwanci. Wannan ita ce hanyar da ta fi jan hankali, ita ce kuma na fi jin tsoro wa ƙaramin ɗan kasuwa. Abin da take sayar maka aminci ne: mutane sun san fuskar, sai su yarda ba damfara ba ce. Amma kuɗin a dunƙule ake biya kafin a ga komai, kuma ba ya dawowa. Adadin mabiya ba hujja ba ne, domin ana sayen mabiya. Nemi a nuna maka hoton allo na yawan waɗanda suka ga abubuwan da ya ɗora a makon nan, da garuruwansu, da kason mata da maza. Jarumar da mafi yawan mabiyanta samari ne ba za ta sayar maka da kayan kicin ba. Tambayi wanda ya taɓa ba shi talla nawa ya sayar. A rubuta yarjejeniya: rana, sau nawa, a babban shafi ne ko a abin da ke ɓacewa bayan kwana ɗaya, da kuma ko kana da izinin amfani da bidiyon a tallanka daga baya. Sau da yawa mai girki ko mai kwalliyar amare da ke da mabiya dubu kaɗan a garinku, waɗanda ke jin maganarta, ta fi tauraro amfani, ga sauƙin kuɗi.

Jiji ya fi dacewa da waya, mota, kayan lantarki da na gida, abubuwan da mutum ke shiga ya nema da suna. Ɗora kaya kyauta ne, ana biya ne don a ɗaga su sama. Jumia na cire kamasho a kan kowane ciniki, kuma kana jere da masu karya farashi, don haka mai ƙaramar riba ya yi lissafi da kyau. Shafin kanka kuwa, bari sai oda ta fi ƙarfin amsawa da hannu. Shago ne a lungun da babu mai wucewa, sai ka sake biyan kuɗi kafin a san da shi. Wanda ke da shago na zahiri ya yi rajistar Google Business Profile don ya fito a taswira, kyauta ce.

Duk wanda ya saya, ta kowace hanya ya zo, rubuta sunansa, garinsa, lambarsa da abin da ya saya a wani wuri daban, ko da littafi ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, an kuma dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Shafi na iya rufuwa ko a sace shi, amma mai lambobin abokan cinikinsa zai iya kiran su.

Lokaci ma yana cikin farashi. Mai sayar da yadi da ya jira goman ƙarshe na azumi ya makara, domin teloli sun daina karɓar ɗinki, masu talla kuma sun yi yawa har kuɗinta ya hau. Tallan kayan Sallah tun a Sha'aban ake fara shi. Goman ƙarshe ta masu takalma ce da mayafi, huluna, turare da ɗinkakkun kaya, su ma su tabbatar kuɗi ya shiga asusunsu da gaske kafin su ba direba kaya, don a wannan rububin ne masu alat na bogi suka fi shigowa.