Gargaɗi Ga Masu Neman Kyamarar Fara Sana'ar Hoto

Jama'a, musamman matasan da ke tara kuɗi don su sayi kyamara su fara ɗaukar hoton biki da suna, a yi hattara da wasu masu talla a Facebook da WhatsApp. Suna ɗora hoton Nikon D3500 ko Canon 2000D, su ce sabuwa ce dal a kwali, su karya farashi, sannan su ce sai ka tura kafin alƙalami za su sa maka ita a mota. Wani, kuɗinsa na shiga za a toshe lambarsa. Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda aka aiko wa kaya, domin sai ya je wurin biki, amarya ta gama kwalliya, sannan asiri ya tonu.

Abin da suke aikowa baƙar roba ce mai siffar babbar kyamara, an rubuta mata 4K (bidiyo mai tsananin tsabta) da 48MP (megafiksel 48, wato ma'aunin tsabtar hoto) a jiki. Wannan rubutun kaɗai ya isa shaida. D3500 da 2000D duk a 2018 suka fito, megafiksel 24 da ɗoriya ke gare su, kuma babu mai ɗaukar bidiyon 4K a cikinsu, iyakarsu 1080p, wanda bai kai 4K tsabta ba.

Gane ta gaske ba wuya. Danna maɓallin da ke gefen gilashin gaba, ka murɗa. A kyamarar DSLR, wato irin su D3500 da 2000D da ake canza wa gilashi, gilashin zai cire a hannunka, ka ga ɗan madubi a karkace a ciki. Shi ke tura haske zuwa tagar da ake leƙawa, shi ya sa ko a kashe take kana ganin abin da ke gabanka. In gilashin a manne yake, ko ka leƙa ka ga duhu alhali ka cire murfi, ajiye musu kayansu.

Akwai kuma masu wayon da ya fi wannan. Kyamarar ta gaske ce, amma tsohuwa, kamar D3100 ta 2010 mai megafiksel 14, an goge ta fes an kira ta da sunan sabuwa. Kada ka tsaya kan kwali. Je da katinka na memori, ɗauki hoto, ka buɗe bayanansa a kwamfuta: sunan kyamarar na ainihi yana nan a rubuce. Nikon har adadin hotunan da ta taɓa ɗauka take ajiyewa a cikin bayanan, kuma labulen ƙananan kyamarori irin waɗannan, wato abin da ke buɗewa ya rufe a ciki duk lokacin da aka ɗauki hoto, an ƙiyasta masa kusan ɗauka 100,000 ne. Wadda ta sha bukukuwa har ta kusa kai wannan, ba kuɗin sabuwa za ka biya ba. Haska gilashin da tocila ma, in ka ga zare-zare kamar yanar gizo, fumfuna ce ta kama shi.

Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin gwaji. Ku haɗu a shago, ka tafi da mai hoton da ya san aiki, a rubuta lambar jikin kyamarar a rasit. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa yau ɗin nan da shaidar turawa da hotunan hirarsu, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.