Tseren Obudu da na Dutsen Kamaru: Shiri Ɗaya Zai Wadatar?

Wani ɗan'uwanmu mazaunin Kano, wanda ya saba gudun kilomita 21 a kan kwalta, ya tambaya ko irin atisayen da ake yi wa tseren Obudu zai ishe shi shiga tseren Dutsen Kamaru. Malam, amsar a taƙaice ita ce ba zai isa ba, domin sunan tseren dutse kawai ya haɗa su, amma abin da kowanne yake nema daga jikin mutum daban ne.

Tseren Obudu na Jihar Kuros Riba, wanda aka fara a 2005, nisansa kimanin kilomita 11 ne, ana hawa wajen mita 800 a kan titi mai kwalta da kwana-kwana, kuma da an kai sama an gama. Zakarunsa kan kammala cikin minti arba'in da 'yan kai, shi ya sa 'yan Habasha da sauran gwanayen gudun titi suka yi fice a cikinsa. Wanda ke da huhu mai kyau da saurin ƙafa, idan ya ƙara da gudun hawa gajere yana maimaitawa sau biyu a mako, ya kama hanya.

Na Kamaru kuwa, wanda aka fara a 1973, kuma ake yi a watan Fabrairu, yana tashi ne daga filin wasa na Molyko a garin Buea, a haura ƙololuwar da ta ɗara mita 4,000, sannan a dawo inda aka fara, tafiyar kusan kilomita 38. Hawan kaɗai ya haura mita 3,000, kuma ko zakaru sukan shafe fiye da awa huɗu. Ana fara ratsa daji mai laima, a fita fili mai ciyawa, daga nan sai baƙin dutse da tsakuwar aman wuta da ke zamewa a ƙarƙashin takalmi. A wurare masu tsayi sosai ba a ma gudu, za ka ga gwanaye sun dafa gwiwa da hannu suna takawa da sauri, kuma wannan tafiyar sai an koye ta kamar yadda ake koyon gudu.

A ganina babban bambancin yana wajen saukowa, kuma a nan ne masu gudun titi suka fi shan kashi. Lokacin gangara, naman gaban cinya ne ke riƙe nauyin jiki a kowane taku, yana aikin birki alhali yana miƙewa, kuma irin wannan aikin ya fi hawa yi wa tsoka illa. Wanda bai saba ba, kafin ya kai rabin gangaren ƙafafunsa sun fara rawa, faratan yatsunsa suna dukan gaban takalmi har su yi baƙi. Obudu ba ya gwada mutum ta wannan fuskar ko kaɗan. Saboda haka duk hawan da ka yi a atisaye, ka sauko shi da gudu, da gajeren taku, idonka a kan inda ƙafa za ta sauka nan gaba, ka fara da kaɗan kana ƙarawa mako bayan mako, domin gaggawa a nan ita ke jawo ciwon gwiwa. Ka sayi takalmi mai kaushin tafi wanda ya bar wa yatsu sarari.

Sai batun iska da sanyi. Saman Obudu bai kai mita 2,000 ba, don haka ƙarancin iska ba ya damun mutum sosai. A mita 4,000 kuwa, iskar da kake samu a kowane numfashi ba ta kai kashi biyu cikin uku na wadda ake samu a bakin teku ba, zafi kuma yana raguwa da kusan digiri 6 a kowane mita 1,000, don haka riga mai tare iska ta zama dole. Matakalar Dala da Goron Dutse za su ƙarfafa maka ƙafa, amma ba za su saba maka da tsayi ba. Ka riƙa zuwa Jos, ka yi doguwar fita ta awa huɗu zuwa biyar a duwatsun Shere masu tsayin kusan mita 1,800, ko da yake ko Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne kawai.

A Obudu kurɓin ruwa ya isa, amma a Kamaru dole ka koyi ci kana tafiya, dabino ko ayaba duk bayan minti 30 zuwa 40, da ruwa mai ɗan gishiri, kuma a atisaye ake gwada abin da ciki zai karɓa. Ka ware aƙalla wata shida, ka ga likita ya duba zuciyarka, sannan ka bincika halin tsaro a yankin kafin ka yi rajista, domin a 2023 an samu fashewar wasu abubuwa yayin tseren, mutane suka jikkata.