Roba ko foliyuretan: wane bushin ya dace da bodin tsohuwar C10?

Malam, ka ce akori-kurarka Chevrolet C10 ce ƙirar 1971, kan motar (ɗakin direba) ya zauna ta gefen direba, ƙofa tana gugar mudgad, kana tambaya wanne za ka ɗaura tsakanin bushin roba da na foliyuretan (wani nau'in filastik mai tauri, foli a taƙaice) kafin fanel bita ya taɓa ta.

Bushin shi ne matashin da ke tsakanin bodi da shasi, mazauninsa shida ne: huɗu ƙarƙashin kai, biyu ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da lagireto. Duka shidan za ka canja, kuma iri ɗaya. In ka haɗa sabo da tsoho, ko roba da foli, tsayinsu zai bambanta, layin bodi ba zai taɓa haɗuwa ba.

Da roba kamfanin ya fito da motar. Tana shanye girgizar inji da ta hanya, kuma tana ba shasi damar murɗawa ba tare da ya ja bodi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shasin waɗannan motoci yana lanƙwasa sosai in an ɗora kaya aka hau gargada. Aibinta, baƙin mai da zafi suna cinye ta, ta tsattsage, ta lotse. Foli, irin na kamfanin Energy Suspension ko Prothane, mai bai dame shi ba, ba ya lotsewa da wuri, don haka tazarar da ka saita yau za ta daɗe a yadda take. Amma tauri gare shi. Girgizar da roba za ta haɗiye, shi miƙa ta yake ga sitiyari da kujera, kuma in ƙasan kan ya riga ya yi tsatsa, gefen mazaunin ne zai fara tsagewa. Yana kuma yin ƙara in ba a shafa masa giris na silikon ba.

Mu a ganinmu, motar da ke aiki kullum a hanya marar kyau roba ta fi mata. Foli na wadda ke kan kwalta ne, wadda aka kashe wa kuɗin fenti ana son layinta ya tsaya cak.

Ɗaurin duk ɗaya ne. Kwana biyu ko uku kafin aiki ka riƙa fesa wa notunan man sassauta tsatsa, don in noti ya karye ko ya kama juyawa a banza, aikin awa uku ya koma na wuni. Ka sassauta shidan, amma gefe ɗaya kawai za ka cire a lokaci guda. Sa katako tsakanin jak da ƙarfen da ke tallafe da daɓen kai, ba ƙasan ƙofa ba, wurin zai lotsa. Ɗaga santimita 3 zuwa 5 ya isa. Kana ɗagawa kana duba mahaɗin sitiyari, bututun birki, sandar kuloci da murfin fanka. Ƙirar 1967 zuwa 1972 tankin mai yana bayan kujera a cikin kai, to bututun fetur ma zai miƙe. In ramin da ke jikin shasi ya faɗaɗa saboda tsatsa, a yi masa walda da farantin ƙarfe tukuna, in ba haka ba sabon bushin nutsewa zai yi.

Kada ka ɗaure tamau sai ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ka ga kai ya zauna tsakiyar shasi. Daga nan a bi tsari: ƙofa a saita ta da kai, mudgad da ƙofa, bonet da mudgad, akwatin baya a ƙarshe. Tazara milimita 4 zuwa 5. In tazarar ƙofa da mudgad ta buɗe a sama ta matse a ƙasa, gaban ya yi ƙasa, sai a ƙara siririn ciko ƙarƙashin ƙarfen lagireto. In ƙofar na faɗuwa idan an buɗe, fil ɗin hinji ne ya ci, bushin bodi ba zai gyara wannan ba.

A nan ma akwai bambanci: roba takan ɗan zauna bayan makonnin farko, don haka ka sake duba notunan da tazarar kafin a yi fenti. Foli kusan inda ka bar shi nan za ka same shi, amma shi ma a sake gwada notunansa.