Limbo, Inside, Braid ko Fez: wanne mai neman cike lambobin yabo zai fara saya?

Wasannin bidiyo da suka haɗa tsalle-tsalle da wasa ƙwaƙwalwa yawancinsu gajeru ne kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa masu son cike lambobin yabo, wato alamomin da ake ba ɗan wasa idan ya cika wani sharaɗi a cikin wasa, suke karkata gare su. Sai dai gajartar wasa ba ta nufin sauƙin kammala shi. Tun da Microsoft ya ɓullo da wannan tsari tare da Xbox 360 a 2005, Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, ya bi sahu a 2007, Sony kuma ya kawo nasa kofunan a 2008, masu ƙirƙira suka saba ajiye lamba guda mai taurin kai a cikin jeri. Ita ce ya kamata mai saye ya fara dubawa kafin ya biya kuɗi, domin ita za ta nuna masa abin da wasan zai ci daga gare shi: saurin hannu, zurfin tunani, ko tsawon lokaci.

Inside, wanda kamfanin Playdead na ƙasar Denmak ya fitar a 2016, shi ne mafi rangwame. Lambobinsa 14 ne, dukkansu na gano wasu na'urori masu siffar ƙwallo da aka ɓoye a lungu-lungu, kuma mutuwa ba ta rage komai. Wanda ya wuce ɗaya yana iya komawa wurin kai tsaye ba tare da ya sake wasan daga farko ba. Cikin sa'o'i huɗu zuwa biyar ana iya gamawa, kuma gano na'urorin duka yana buɗe wani ƙarshen labari na daban. Ga sabon shiga, wannan nake zaɓa masa.

Limbo, yayan Inside daga kamfani ɗaya, ya fito a 2010 da launin baƙi da fari kawai, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Goma daga cikin lambobinsa na ƙwai ne da aka ɓoye; na farko ma yana samuwa ne idan yaron da ake sarrafawa ya nufi hagu a farkon wasa maimakon dama. Matsalar tana ga lambar da ke buƙatar a gama wasan gaba ɗaya a zama guda, ba tare da mutuwa fiye da sau biyar ba. An gina Limbo ne a kan koyo ta hanyar mutuwa: tarkon ƙarfe a cikin ciyawa, ƙaton gizo-gizo, zarto mai juyawa, wutar lantarki, sannan a ƙarshe wuraren da sama take komawa ƙasa. Wanda ya mutu sau ɗari a zagayen farko ba abin mamaki ba ne. Don haka neman wannan lamba yana nufin haddace kowane tarko, da maimaita sassan ƙarshe har hannu ya saba, sannan a zauna fiye da sa'a guda ba tare da an kashe wasan ba. Ga wanda yake zaune inda ake yawan ɗauke wuta, wannan sharaɗi na zama guda abin lura ne ƙwarai, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir ta fi na'urar da ke jone da talabijin aminci. Akwai Limbo a wayar Android, amma taɓa gilashi ba ya ba da daidaiton da tsallen ƙarshe yake buƙata.

Braid na Jonathan Blow, wanda ya fito a 2008, ya sha bamban, domin ɗan wasa yana iya mayar da lokaci baya duk sa'ad da ya yi kuskure. Kowace duniya tana da dokarta: a wata, abubuwa masu ƙyallin kore ba sa bin komawar lokaci, a wata, lokaci yana tafiya ne kawai idan ɗan wasa ya motsa, a wata kuma inuwarsa ce take maimaita abin da ya aikata. Tattara guntayen hoto 60 aikin tunani ne mai daɗi, kuma ina ganin asara ce a nemi amsoshinsu a intanet. Lambarsa mai wuya ita ce gama komai cikin ƙasa da minti 45, wadda take mayar da wasan natsuwa ya zama tsere.

Fez, na kamfanin Polytron da ke Kanada, ya fito a 2012. Ana juya duniyarsa ta fuskoki huɗu, sai abin da yake nesa ya zama kusa. Dunƙule masu siffar akwati ake tattarawa; 32 sun isa a ga ƙarshe, amma cikewa tana buƙatar 64, kuma rabinsu suna bayan alamomin sirri, da haruffan da aka ƙirƙira waɗanda fassara su take neman sanin Turanci, da wani agogon hasumiya mai bin lokaci na gaske, wanda ɗaya daga cikin hannayensa zai iya sa mutum jiran fiye da yini. Ba ya neman saurin hannu. Takarda da biro da haƙuri yake nema.

Portal 2 da Little Nightmares ban sa su a sahun farko ba, domin na farkon yana da lambobin da ba sa samuwa sai da abokin wasa, na biyun kuma yana neman a gama shi cikin sa'a guda ba tare da mutuwa ko sau ɗaya ba.

Na'urar da za a saya wa wasan ma tana da tasiri. Nintendo Switch ba shi da tsarin lambobin yabo na bai ɗaya, saboda haka ƙoƙarin da aka yi a can ba zai bayyana a shafin ɗan wasa ba. A PlayStation, Limbo da Inside ba su da kofin filatinam, wato babban kofin da ake bayarwa bayan an tara sauran duka, abin da ke rage wa wasu armashi. Steam kuwa yana nuna kashi nawa cikin ɗari na 'yan wasa suka samu kowace lamba, wanda shi ne ma'aunin wahala mafi gaskiya, kuma yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba a yi wasan ya kai sa'a biyu ba. Sa'a biyun nan sun isa mutum ya kai ga gizo-gizon Limbo ko duniya ta uku a Braid, ya gane ko hannunsa da tunaninsa sun karɓi wasan.